Shaidar da Na Bayar a Kan Khaula

Asabar, 4 ga Rajab, bayan sallar Asuba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo ya tabbata ga Ubangijin da ya ba ɗan Adam harshe, ya kuma sanar da shi cewa za a tambaye shi abin da ya aikata da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Duk wanda wannan littafi ya faɗa hannunsa, ina raye ko ina kwance, ina yi masa sallama, ina kuma roƙonsa ya karanta da idon rahama.

Ni ne Jelani, mai karantarwa a zauren gidanmu da ke Gidan Dare. Tun da na ajiye aikin kotu, ba na rubuta komai a nan sai mas'alolin da ɗalibai suka kawo, waɗanda ke bukatar a koma ga littattafai. Yau zan saɓa wa al'adata.

Khaula, autata, tana neman gurbin digiri na biyu a fannin tsara manufofin hukuma, wato ilimin yadda gwamnati ke yanke shawarar abin da za ta yi wa jama'a da abin da za ta bari. Makarantu biyu ta nema. Ta farko a ƙasar waje take, ita ce kuma ranta ke so, za a rufe karɓar takardunta ran sha biyar ga watan nan. Ta biyu tana kudancin ƙasar nan, ita sai ƙarshen wata. Kowace daga cikinsu tana son malamai biyu su yi wa mai nema shaida a rubuce. Ɗaya ya riga ya aika tasa. Na biyun shi ne Dakta Irmiya, wanda ya duba aikinta na kammala jami'a, kuma an ce tasa ce mai nauyi.

Jiya bayan an sauko daga masallaci Dakta ya zo gaishe ni. An kawo shayi. Mun daɗe muna magana. Na raka shi har bakin motarsa.

Na zauna ne don in rubuta abin da muka tattauna, sai ga shi na cika shafi da bayanin makarantu.

Lahadi, 5 ga Rajab, da hantsi

Ta kawo mini kunu, ta durƙusa, ta ce, “Baba, mi Dakta yac ce?” Na ce gaisuwa ya zo yi. Ba ƙarya na yi ba, gaisuwa ce ta kawo shi.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan La'asar

A karatun yau mun iso babin shaida. Na ce wa ɗalibai mu tsallake zuwa babin gaba, mu dawo masa daga baya. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Ɗalibi ba ya tambayar malami irin wannan.

Ya kamata in rubuta wani abu game da karatun yarinyar nan, don mai karatu ya san inda aka fito. Ta yi hadda a gabana tun ba ta kai shekara sha huɗu ba. Da ta shiga jami'a, sashen Larabci ta shiga, ta yi shekara biyu ba wanda ke gabanta a ajinsu. Zuciyata ta riga ta ba ta karatun matan unguwa, wanda mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta riƙe har ciwo ya kwantar da ita. Bayan rasuwar da 'yan watanni Khaula ta zo ta ce mini ta koma sashen kimiyyar siyasa, an mayar da ita baya da shekara guda. Na ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ta ce amin. Daga ranar ban sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba. Na ɗauki wannan shiru a matsayin haƙuri, har na riƙa ganin kaina cikin iyayen da ba sa tilasta wa 'ya'yansu.

Ɗakin da matan ke karatu yanzu buhunan gero ne a ciki.

Talata, 7 ga Rajab, bayan Azahar

Ina cikin ɗakina na ji muryarta a tsakar gida, tana magana da Delu, ƙanwata, wadda ke zaune tare da mu tun da mijinta ya rasu.

“Gwaggo, Dakta ya aiko da saƙo. Yac ce in nemi wani malami shi yi min shaidar.”

“Don mi?”

“Bai faɗi ba. Yac ce dai ba ya iya rubuta ta da zuciya ɗaya.”

“Mutumen da yac ce ke ta ɗiyatai ta jami'a? Ko kin yi mai wani abu?”

“Ban sani ba, Gwaggo. Wataƙila sakamakon zangon farko na, lokacin da nik koma sashensu. Kin san ban yi abin kirki ba sa'annan.”

Delu ta ce zangon da mutum ke cikin makokin uwarsa ba a auna shi da shi. Daga nan ta ɗaga murya ta ce, “Yaya, kana ji?” Na ce ina ji, Allah ya kawo mafita. Delu ta leƙo ta ƙofa, ta dube ni, ta saki labule.

Laraba, 8 ga Rajab, bayan Asuba

Na yi niyyar tafiya wurin Dakta yau. Ƙafata ta hagu tana ciwo.

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan Magariba

Khaula ta yini a jami'a tana bin ofisoshi. Malamin da ya fi saninta bayan Dakta ya tafi Umra. Wani ya ce bai tuna fuskarta ba, amma in ta rubuta da kanta ya sa hannu. Ta ƙi. Da take ba Delu labari ta ce, “Ɗiyar Malam Jelani ba ta rubuta wa kanta shaida.” Ina jin ta daga zaure.

Da hantsi na fita. Na tsayar da mai keke na ce ya kai ni Sama Road, inda gidan Dakta yake. Muna isa Gidan Igwai na ce ya sauke ni. Na tsaya a bakin hanya tsakanin masu tuyar awara da motocin haya, mutane suna ta gaishe ni, wani har ya cire takalmi. Na shiga shagon wani tsohon ɗalibina na tambayi lafiyar mahaifinsa, wanda na san lafiyarsa lau, don tare muka yi sallar Asuba. Daga nan na dawo gida.

Na gaya wa kaina cewa Dakta ba ya gida da hantsi, yana wurin aiki. Wannan gaskiya ne. Amma na san haka tun kafin in fita.

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan La'asar

Delu ta same ni a ɗaki, ta mayar da ƙofa, ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba.

“Yaya, ni nik kawo shayin ran nan. Na tsaya bakin zaure ina jiran yaro shi amsa. Na ji.”

Na ce mata sauraron zancen maza ba halin kirki ba ne.

“To, na yi laihi, Allah shi gafarta min. Kai fa?”

Tun da an riga an faɗa da baki, babu amfanin alƙalami ya ci gaba da kewaye. Ga abin da ya faru.

Dakta ya ce takardar da makarantun suka aiko masa tana tambayar abu biyu: me ya sa mai nema ta bar fanninta na farko, kuma shin tana da juriyar kai abu ƙarshe. Ya ce, “Malam, Khaula yarinya ce mai ƙoƙari ƙwarai, kai ka fi kowa sani.” A gidajenmu uba ba ya karɓar yabon ɗansa a gaban baƙo. Haka na tashi na tarar. Mahaifina bai taɓa cewa na iya wani abu ba har ya koma ga Allah, in an yabe ni a gabansa sai ya ce, “Wanga? Sai addu'a.” Kunya ce, da tsoron baki, da gudun kada yaro ya ji kansa ya kumbura. Saboda haka na ce wa Dakta, “Ina fa, sai addu'a.” Ya yi dariya, don ya san wannan, a garin nan ya girma.

Da na tsaya a nan, da babu abin rubutawa. Sai na ƙara. Na ce, “Larabcin ne ya yi mata nauyi, ta kasa, ta gudu. Haka take, ba ta kai abu ƙarshe. Naku ma in ya yi tsauri za ta ajiye.” Ban yi murmushi ba lokacin da nake faɗa. Shi ma dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, “Haka ne, Malam?” Na ce, “Ni na haife ta.”

Akwai abin da ya sa maganar ta yi masa nauyi fiye da yadda za ta yi wa wani. Aikina a kotu shi ne tantance shaidu, in bincika ko mutum amintacce ne kafin alƙali ya karɓi maganarsa. Shekarun baya an taɓa kawo mahaifin Dakta shaida a kotu, kafinta ne, Kirista, aka nemi a soke shaidarsa. Na bincika na ce wa alƙali mutumin kirki ne, ba a san shi da ƙarya ba. Dakta yana yaro a lokacin, amma bai manta ba. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, a gidansu in aka ce Malam Jelani ya faɗa, zance ya ƙare.

Na ce wa Delu al'ada ce, ba na yabon ɗiyata a gaban mutane.

Ta ce, “Kunya ga ‘sai addu'a’ taka tsayawa, Yaya. Abin da kaƙ ƙara ba kunya ba ta. Haushin ɗakin karatu na, wanda kac cika da gero.”

Na ce ta fita. Ta fita.

Asabar, 11 ga Rajab, bayan Asuba

Khaula ta jira na idar da wuridi, sannan ta matso ta ce tana da roƙo. Na zaci Delu ta gaya mata.

Ta ce, “Baba, ka yi min addu'a Allah shi karkato da zuciyar Dakta. In wani yak kai mai zancena, Allah shi bayyana gaskiya.”

Na ɗaga hannu. Ta ɗaga nata. Na roƙa mata abin da ta nema kalma bayan kalma, har da bayyanar gaskiya. Ta shafa, ta yi godiya, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta.

Na yi wa mutane addu'a shekara da shekaru. Ban taɓa jin tsoron a karɓa ba sai yau.

Lahadi, 12 ga Rajab, da hantsi

Yau su Dakta suna coci. Ba ranar zuwa ba ce.

Litinin, 13 ga Rajab, bayan Azahar

Na yini ina neman wa kaina mafita irin wadda nake hana ɗalibai nema. Na ce ban yi nufin cutar da ita ba. Na ce Dakta ne ya kamata ya gane. Na ce wataƙila Allah ne bai nufe ta da ƙasar waje ba, ya sanya harshena sanadi. Wannan na ƙarshen ya fi daɗi a zuciya, shi ya sa na fi tsoronsa. Da wani ya zo gabana a kotu da irin wannan hujja, da ban bari ya gama ba.

Khaula ta sake rubuta bayanin kanta da za ta aika wa makarantar. Tana zaune ƙarƙashin darbejiya da kwamfutarta, tana gogewa tana sakewa. Delu ta ce abincin rana yana nan a rufe ba ta taɓa ba.

Delu ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ruwan alwala ma yanzu a bakin ƙofa take ajiyewa.

Talata, 14 ga Rajab, bayan Magariba

Na je.

Na same shi ya dawo daga aiki. Matarsa Rifkatu ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta kawo ruwa, ta ba mu wuri. Dakta ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa kujera. Wannan ladabi nasa ya ƙara mini nauyi.

Na ce masa maganar da na faɗa a kan Khaula ba gaskiya ba ce. Ba ta kasa Larabci ba, ita ce ta ɗaya a ajinsu, ni da kaina na sha jarraba ta ban same ta da rauni ba. Na ce ban san wani abu da ta taɓa farawa ta ajiye ba in ban da wannan. Ban taɓa jera irin waɗannan kalmomi a kan wani ɗa nawa ba.

Ya ce, “Malam, ka sa ni a tsaka mai wuya. Baki ɗaya ya ba ni shaida biyu. Ta farko ka faɗa ba wanda ya roƙe ka. Ta biyu ka kawo ta ana gobe za a rufe, kuma kowane uba zai yi wa 'yarsa haka. In kai ne, wacce za ka ɗauka?”

Na ce ta farko zan ɗauka. Abin da zan yi ke nan da ina kotu.

Ya ce, “To ga abin da za mu yi. Tun tana aji uku ta gaya mini dalilin da ya sa ta bar Larabci, na kuma yarda da ita har ranar da na zo gidanka. Ka ce ba kasawa ba ce. To mene ne? In abin da za ka faɗa ya yi daidai da nata, yau zan zauna in rubuta.”

Wannan ita ce hanyar da na yi aiki da ita rayuwata duka: a raba shaidu, a tambayi kowa shi kaɗai, a ga ko zancensu zai haɗu. Yau aka bi da ni ta cikinta.

Ban sani ba. Na zauna a kan dardumar mutane, da rawanina da furfurata, ban san dalilin da ya sa ɗiyata ta sauya karatu ba. Zuciya ta raya mini in yi hasashe, in ce son aikin gwamnati ne ko ƙawaye. Allah ya tsare ni daga wannan kaɗai. Na ce, “Ban taɓa tambayarta ba.”

Ya ce, “Ka tambaye ta, Malam. Ko ta waya ce ka kira ni. Gobe ba ni da aji, ina gida.”

Na dawo na tarar da ita tana tankaɗe gari tare da Delu. Ta yi mini sannu da zuwa. Na amsa na wuce ɗaki. In na tambaye ta, za ta ce me ya kawo tambayar yau, daga nan kuma sai sauran.

Laraba, 15 ga Rajab, bayan La'asar

An yi rasuwa a Mabera, wani da muka yi aiki tare. Na je jana'iza, na zauna zaman gaisuwa fiye da yadda ya wajaba a kaina. Da aka kawo abinci na ci.

Laraba, bayan Magariba

An rufe. Ta aika takardunta da shaida ɗaya, suka amsa nan take cewa ba su cika ba.

Alhamis, 16 ga Rajab, da hantsi

Bayan Asuba na aika Delu ta kira ta. Ta zo idonta a kumbure, ta durƙusa nesa da ni kamar yadda ta saba. Na ce ta matso. Na ce, “Khaula, mi yas sa kinka bar Larabci?”

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta yi. Ta ce, “Yau, Baba?” Na ce yau.

Zan rubuta abin da ta faɗa gwargwadon yadda na riƙe. Ta ce shekarar da Inna, wato mahaifiyarta, ke kwance, famfon unguwarmu ya yi watanni bai kawo ruwa ba. Mai jinya kuwa tana bukatar wanki safe da yamma. Ita ke fita neman 'yan garuwa kafin ta tafi makaranta, wani lokaci har bakin titi, ta dawo ta wanke zannuwa, ta yi wa uwarta wanka da abin da ya rage. Sai ta ji an ce an ware wa unguwarmu rijiyar burtsatse, daga baya aka ce an mayar da ita wata unguwa. Ta je wurin mai unguwa, ya ce ba shi ba ne. Ta je wurin kansila, ya ce daga sama ne. Ta je wani ofis, suka ce ta kawo takarda. Har Inna ta rasu ba ta sami mutum ɗaya da zai ce shi ya yanke shawarar ba, ko ya gaya mata a kan me aka yanke.

Ta ce, “Ka karantar da ni hukuncin ruwa, Baba, wanda aka alwala da shi da wanda ba a yi. Ba wanda yak karantar da ni wa ka raba ruwan. Shi nit tahi nema.”

Na ce ban san an yi rashin ruwa haka a gidan nan ba.

Ta ce, “Ba mu bari ka sani ba. Butarka muka fara cikawa.”

Na tuna shekarar. Ban tuna ranar da na ɗaga buta na ji ta wayam ba.

Daga nan na gaya mata. Ban rage komai ba, har da “ni na haife ta”. Na gaya mata zuwana Sama Road shekaranjiya, da sharaɗin Dakta, da zaman da na yi a gidan rasuwa jiya alhali yana gida yana jiran kirana.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Kac ce na kasa?” Na ce na faɗa. Ta ce, “Kai da kanka kaka jarraba ni, Baba.” Na ce haka ne. Ta ce, “Kuma ran Asabar ka yi min addu'a.”

Na ce ina roƙonta gafara. Ta ce, “Uba ba ya roƙon ɗiyatai gahwara.” Na ce wannan ma al'ada ce, ni kuwa na ga inda al'ada ta kai ni. Sai ta ce, “A ba ni izini in tashi.” Na ba ta.

Juma'a, 17 ga Rajab, bayan La'asar

Na koma wurin Dakta na faɗa masa zancen ruwa. Tun ban kai ƙarshe ba ya gyaɗa kai. Ya ce abin da ta gaya masa ke nan, aikinta na kammalawa ma a kan rabon rijiyoyi ta yi shi. Ban san wannan ba. Kundin yana cikin gidana, na sha ganin bangonsa.

Ya ce shi ma yana da laifi, da ya kira ta ya tambaye ta maimakon ya janye hannu. Ya ce zai rubuta wa makarantar farko ya roƙe su, ko da yake bai sa rai ba. Na yi masa godiya. Ban karɓi rabon laifin da ya miƙo mini ba. Shi ya gaskata mutumin da aka ce masa ba ya ƙarya.

Lahadi, 19 ga Rajab, bayan Azahar

Tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo kunu, tana durƙusawa. Ba abin da ta rage wanda zan iya nunawa da yatsa.

Talata, 21 ga Rajab, da hantsi

Shaidar Dakta ta isa makaranta ta biyu. Delu ce ta gaya mini.

Na koma da ɗalibai babin da muka tsallake. Na karantar da shi kamar yadda yake a littafi, ban ƙara sharhi ba.

Asabar, 25 ga Rajab, bayan La'asar

Makarantar farko ta amsa wa Dakta. Sun ce ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, ta sake nema baɗi. A can ne ake da malaman da suka ƙware a kan sha'anin ruwa. Wannan ma daga bakin Delu na ji.

Shekara guda ta rasa lokacin da ta sauya fanni, wannan da zaɓinta. Ta yanzu ba ita ta zaɓa ba.

Na ɗauko kundin aikinta na buɗe. Turancina na kotu ne, bai kai ko'ina ba, amma na gane taswirar unguwarmu, na ga inda ta sa alama a wurin da aka ce za a haƙa rijiyar. Bayan masallacinmu ne. Kullum ta nan nake wucewa.

Alhamis, 30 ga Rajab, bayan Asuba

Ba ni da abin rubutawa. Astagfirullah.

Litinin, 18 ga Sha'aban, bayan La'asar

Makaranta ta biyu ta ba ta gurbi. Ita da kanta ta zo ta faɗa mini, Delu na biye da ita. Na ce, “Allah shi yi miki albarka, shi sa ki amfani jama'a da shi.” Ta ce amin. Na tambaye ta ko za ta karɓa. Ta ce za ta karɓa ta fara, amma ba ta haƙura da ta farkon ba, baɗi za ta sake nema, in sun ɗauke ta sai ta san abin yi. Na ce daidai ne. Na ce ko Dakta zai sake yi mata shaida. Ta ce ya yi alkawari.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna. Ta juya wajen Delu, kanta a sunkuye, ta ce, “Gwaggo, ki gaya ma Baba, in Dakta ya zo gaisuwa baɗi, a ce mai Malam ba ya nan.”

Delu ta yi dariya har da riƙe ciki. Khaula ba ta yi ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ni ban san wanda ya dace da ni ba, dariya ko akasinta. Na ce wa Delu, “Ki ce mata na ji.”

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sake tambaya ba. Wannan hakkinta ne, ta bayar lokacin da ta ga dama.

A nan zan ajiye alƙalami a kan wannan al'amari, littafin ya koma ga mas'alolin ɗalibai. Ya Allah, ka buɗa wa Khaula ƙofar da na rufe mata, ka saka wa Irmiya da iyalinsa da alheri, ka jiƙan mahaifiyarta, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka. Kai kuma mai karatu, Allah ya yi maka albarka, ya shirya maka zuriya, ya tsare harshenka daga cutar da wanda ke ƙarƙashin inuwarka, ya ba ka ikon tambayar 'ya'yanka tun tambaya tana da amfani. In ka samu sarari, ka sa Jelani a addu'arka. Amin.